Kada Ki Yi Cinikin Biri A Sama Wajen Zaɓen Kwas

Maganarmu ta wannan mako a kan kuɗi ta ke, watau kuɗin da kika tara da guminki, ko kwasar adashe, ko wanda maigida ko iyaye suka ba ki don ki ja jari.

Kun dai ga yadda zamani ya juya. Da can mace mai sana'a cikin gida sai ta aza wa yarinya faranti a ka ta zaga unguwa. Yanzu kuwa wayar hannu ta zama 'yar talla. Mai turaren wuta, da mai dambun nama, da mai ɗinki, da mai atamfa da leshi, har da 'yan matan da suka gama jami'a suka haɗa kai suka kafa ɗan kamfani nasu, kowace so ta ke in mutum ya nemi irin kayanta a intanet, sunanta ya fara gani. To, inda duk buƙata ta ke, nan masu sayarwa su ke taruwa. Shi ya sa da wuya ki buɗe Facebook ko Instagram ba ki ga wani yana kiranki ki biya kuɗi ya koya miki wani abu wai shi SEO ba. Cikin malaman nan akwai na ƙwarai, akwai kuma macuta. Nufina yau in ba ki mudun da za ki auna su da shi tun kuɗinki bai bar hannunki ba.

MENE NE WANNAN ILIMI?

Haruffan nan uku taƙaitaccen suna ne na Ingilishi. Ma'anarsa ita ce gyara shafin intanet yadda injin bincike zai gane shi, ya nuna wa mai nema. Injin bincike kuwa shi ne irin su Google da Bing, inda ki ke rubuta abin da ki ke so su jero miki shafuffuka. Wajen tara cikin goma na binciken da a ke yi a duniya a Google a ke yinsa, saboda haka yawancin darussan a kansa su ke.

Ki ɗauki Google kamar dillaliya wadda ta san kowane gida a gari. Aikinta uku ne. Na fari yawo: tana da 'yan aike, watau wata manhaja mai bin shafi zuwa shafi dare da rana tana karantawa. Na biyu ajiya: abin da 'yan aiken suka gano, sai a shigar da shi cikin wani ƙaton kundi. Na uku jeri: in mai saye ya zo da tambaya, sai ta duba kundin, ta sa wanda ta ga ya fi dacewa a sama, sauran su biyo baya. In 'yan aike ba su iso shafinki ba, ba ki cikin kundi. In kuwa kina ciki amma ba a gane abin da ki ke sayarwa ba, sai a jefa ki can ƙarshen layi inda ba mai leƙawa.

Waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, su suka kafa Google cikin 1998. Dabarar da suka fito da ita ta shaida ce. Kin san mahaɗi, rubutun nan da ki ke taɓawa ya kai ki wani shafi. To, shafin da waɗansu shafuffuka masu mutunci suka sa wa mahaɗi, suna cewa a je can, shi ne abin yarda. Kamar dai yadda ki ke tambayar maƙwabta wace ce ta iya ƙunshi a unguwa, wadda bakin mutanen kirki ya fi ambata ita za ki nufa. Har wa yau wannan yana cikin ma'auninsu, tare da waɗansu abubuwa masu yawa.

Abu ɗaya ki riƙe. A saman jerin a kan ga waɗansu da aka sa wa alamar talla. Waɗannan kuɗi suka biya, ran da kuɗin ya ƙare kuwa sai su ɓace. Na ƙarƙashinsu ba a sayen wurinsu, Google ma ya faɗa cewa biyan kuɗin talla ba ya ɗaga shafi cikin wannan jeri. Ilimin da mu ke magana a kai na jerin nan na biyu ne.

SANA'ARKI TANA BUƘATARSA YANZU?

Kafin ki tambayi wane kwas, ki yi wa kanki tambayoyi uku.

Ta fari, ina ƙofar da 'yan aiken Google za su shiga? In duk cinikinki a WhatsApp ya ke, ki sani Google ba ya ganin saƙonninki ko hotunan da ki ke sawa abokan ciniki su kalla. Wadda ba ta da shafi nata, ba ta kuwa shirin buɗewa, in ta biya kwas ta sayi linzami ne ba ta da doki. Masu Instagram sun sami ɗan sauƙi, gama tun cikin Yuli 2025 hotuna da bidiyon da masu asusun kasuwanci suka sa a fili suna iya fitowa a Google. Duk da haka gidan haya ne, mai gida ke da doka.

Ta biyu, mutane suna neman abin nan kuwa? Injin bincike ba ya sa wa mutum sha'awa, wanda ya riga ya so abu shi ya ke nuna wa hanya. In kayanki sabon abu ne wanda ba a ma san sunansa ba tukuna, ba mai rubuta shi a Google, saboda haka baki da talla za su fi yi miki amfani. Gwada wannan ba ya cin ko kwabo. Ki fara rubuta sunan kayan a Google ki ga kalmomin da zai ƙarasa miki, waɗannan daga abin da mutane su ke nema su ke fitowa. Sa'an nan ki buɗe Google Trends, wanda aka fito da shi cikin 2006, ki zaɓi Nijeriya ko Nijar, ki ga ko neman yana hawa ko yana sauka, da jihohin da aka fi yinsa.

Ta uku, kina da haƙuri? Google da kansa ya ce a kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfanin wannan aiki. Dashen mangwaro ne, ba shukar alayyafo ba. Wadda ta ke neman kuɗin hayar shago na wannan wata, ta nemi wata dabara, ta bar wannan yana girma a gefe.

DON ME MAI SANA'A ZA TA KOYA DA KANTA?

Wata za ta ce, ni ina ruwana da wannan wahala, ba sai in ɗauki masani in biya shi ya yi mini ba? To, ji abin da ya sami wani babban kanti na Amurka, J.C. Penney, mai sayar da tufafi da kayan ɗaki. A ƙarshen 2010, lokacin cinikin Kirsimeti, in mutum ya nemi rigunan mata ko zannuwan gado ko darduma a Google, kantin nan ne ke fitowa na fari. Cikin Fabrairu 2011 jaridar New York Times ta tona asiri. Ashe an baza dubban mahaɗai a shafuffukan banza waɗanda ba abin da ya haɗa su da tufafi, duka suna nuna kantin, don a ruɗi Google ya zaci shaidar gaskiya ce. Da Google ya tabbata, sai ya tunkuɗa kantin can baya, har wani neman da ya ke na 1 ya koma wajen na 70. Masu kantin suka ce ba da saninsu aka yi ba, suka sallami kamfanin da suka ɗauka ya yi musu aikin. Amma horon a kansu ya faɗa, har kimanin wata uku.

In haka ta sami mai ɗaruruwan kantuna, ina ga mai ɗan jari? Mai kafa sana'a ba lalle ne ta zama gwanar wannan fanni ba, gama tana da saye da sayarwa da lissafi da hidimar gida a kanta. Abu biyu kaɗai ta ke buƙata. Ta iya yin ƙananan gyare-gyare da hannunta, ta kuma iya gane aikin gaskiya da na algus in ta ɗauki wani. Uwargidan da ta iya girki, mai aiki ba ta ruɗinta da cefane. Saboda haka kwas ɗin da ya dace da ke dabam ne da na wanda ya ke so ya mai da wannan ilimi abin cin abincinsa.

FARA DA NA KYAUTA

Shawarata ta fari ita ce kada ki biya kowa kome sai kin gama karanta abin da a ke bayarwa kyauta. Da shi za ki san ko wanda ke neman kuɗinki yana da abin ƙarawa.

Google yana da ɗan littafi na masu farawa, sunansa SEO Starter Guide. Cikin 2008 aka fara fito da shi, aka kuma sake rubuta shi cikin 2024. Gajere ne, daga bakin mai kasuwar kuma ya fito, don haka shi ne farkon abin karantawa. Bayansa akwai na kamfanin Moz, mai suna Beginner's Guide to SEO, wanda ya fi tsawo da bayani. Wannan kamfani kuwa uwa da ɗanta suka kafa shi a birnin Siyatil na Amurka cikin 2004, Gillian Muessig da Rand Fishkin. Masu son kallo maimakon karatu, kamfanonin HubSpot da Semrush suna da makarantun intanet masu darussa kyauta, Ahrefs yana da nasa a YouTube, Yoast kuma yana da na masu shafin da aka gina da WordPress. Duka da Ingilishi su ke. Bidiyo yana shan data, saboda haka ki lissafa wannan cikin kuɗin karatu.

Amma kun san banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanonin nan kayan aiki su ke sayarwa, darussan kuwa ɗanɗano ne. Iliminsu mai kyau ne, sai dai za ki ga ana ta nuna miki manhajarsu, wadda manyan cikinta kan wuce dala 100 a wata. Ki ɗauki ilimin ki bar manhajar, sabuwar sana'a ba ta buƙatarta tukuna.

Cikin na biya akwai Coursera, wanda malamai biyu na Stanford, Daphne Koller da Andrew Ng, suka kafa cikin 2012. A can Jami'ar Kalifoniya ta garin Davis tana da jerin darussa a kan wannan fanni. Wata-wata a ke biya, watau in kika yi nawa kuɗinki ne ke ƙaruwa, akwai kuma hanyar neman sassauci ga marar hali. Udemy kuwa kamar kasuwar ƙauye ya ke, kusan kowa yana iya kafa rumfa, don haka za ki tarar da zinariya da gwangwani wuri ɗaya. Sa'an nan ga malamanmu na gida, masu koyarwa a aji ko ta WhatsApp da Telegram. Waɗannan suna da fa'idar da na waje ba su da ita, gama za ki iya yi musu tambaya da harshenki su amsa. Ko wanne ne dai, mudu ɗaya za ki auna su da shi.

TAMBAYOYI SHIDA KAFIN KI BIYA

1. Yaushe aka gyara darasin? Wannan ilimi yana tsufa kamar yayin atamfa. Tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya kula da jerin kalmomin nan da a ke ɓoyewa a bayan shafi, amma har yanzu akwai masu koyar da shi. Cikin 2011 ya fito da wani gyara mai suna Panda, wanda ya kā da shafuffuka masu rubutun holoƙo. Cikin 2012 Penguin ya biyo baya don masu mahaɗan ƙarya. Daga 2018 ya fara auna shafi bisa yadda ya ke fitowa a wayar hannu, yanzu kuwa haka ya ke yi wa kowa. Cikin 2024 ya fara sa amsar ƙirƙirarriyar basira a saman jeri, har mai nema ya kan sami biyan buƙata bai shiga shafin kowa ba. Kwas ɗin da bai san da wannan na ƙarshe ba, ya kwana biyu.

2. Wane ne malamin, me kuma ya taɓa yi? Ki ce ya nuna miki shafin wata sana'a da ya yi wa aiki, da kalmomin da a ke nemanta da su. Sa'an nan ki nema da wayarki, da hannunki. Hoton da ya turo miki ba shaida ba ne, gama hoto ana iya gyara shi. In ya ce ki nemi sunansa ki ga shi ne na fari, wannan ba gwaninta ba ce. Gani ya kori ji.

3. A kan shafin wa za ki yi aiki? Ba a koyon tuƙin tuwo da kallo. Kwas na ƙwarai, kowane darasi zai sa ki taɓa shafinki: yau ki gyara kan magana ya faɗi abin da ki ke sayarwa da garin da ki ke, gobe ki rage nauyin hotuna don su buɗe da sauri inda sabis ba shi da ƙarfi, jibi ki rubuta amsar wata tambaya da masu saye su kan yi. In awa ashirin za ki yi kina kallo kawai, nishaɗi kika saya.

4. Zai koya miki awo? Google yana da wani kayan aiki kyauta ga mai shafi, sunansa Search Console. Shi ke nuna miki kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ki, da sau nawa aka nuna shafinki, da sau nawa aka shiga, yana kuma riƙe lissafin wata 16. Malamin da bai sa wannan cikin darasinsa ba ya bar ki cikin duhu, sai abin da ya faɗa miki. Bayan wannan akwai awon da ya fi kowanne, watau ciniki. Mutum dubu su shiga shafi ba wanda ya saya, ba ya biyan kuɗin makarantar yara.

5. Don wa aka yi kwas ɗin? Darussa da yawa don manyan kamfanoni aka shirya su, masu dubban shafuffuka da ma'aikata. Mai sayarwa cikin gari ɗaya, abin da ya fi yi mata amfani shi ne Google Business Profile, rajistar kyauta wadda ke sa sana'a ta fito a taswira tare da lambar waya da lokacin buɗewa. Abu uku a ke dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, da kusanci, da shahara, wadda ra'ayoyin masu saye su ke taimaka mata. Ga kuma abin da ya shafe mu matan gida. Wadda ta ke aika kaya ga masu saye tana iya ɓoye adireshinta, ta faɗi yankin da ta ke kai kaya kawai. Ki tambayi malami ko ya san wannan.

6. Nawa ne gaba ɗaya? Ki nemi jerin darussa a rubuce tun kafin biya. Ki tambaya ko akwai manhajar da tilas sai kin saya, ko wani aji na gaba wanda ba a ambata ba sai an shiga. Ki kuma tambaya ko ana mai da kuɗi. Udemy ya kan mayar cikin kwana 30 bisa sharuɗɗa. Matambayi ba ya ɓata, malamin da tambaya ta ke ba haushi kuwa ya riga ya ba ki amsa.

ALAMUN MACUCI

In kika ji ɗaya cikin waɗannan, ki ɗaure bakin jakarki.

Wanda ya yi miki alkawarin zama ta fari a Google. Google da kansa ya yi gargaɗi cewa ba wanda zai iya lamunce wannan. Haka kuma wanda ya ce yana da hanya ta musamman da mutanen Google, ko yana da wani sirri da ba a faɗa sai an biya. Dokokin a fili su ke, an rubuta su kowa ya karanta.

Wanda ya ce zai koya miki sayen mahaɗai dubu da 'yan kuɗi kaɗan. Kin ji abin da ya sami kantin Amurka. Da wanda ya ce ki sa na'ura ta rubuta miki ɗaruruwan shafuffuka cikin dare ɗaya. Cikin Maris 2024 Google ya ƙarfafa dokarsa a kan tara rubutun banza don neman matsayi, ko mutum ya rubuta ko na'ura. Ba laifi na'ura ta taimaka miki da gyaran jimla, amma sanin kaya daga wurinki zai fito.

Wanda ya ke gaggauta ki, wai yau ne ƙarshen rangwame, saura kujera biyu. Ilimin da ke nan yau yana nan gobe. Da wanda ya ce za ki mai da kuɗinki ta hanyar kawo waɗansu mata su sayi kwas ɗin. In ribar daga shigo da mutane ta ke fitowa, to, ke ce hajar. Na ƙarshe, kada ki ba kowa kalmar sirrin imel ɗinki ko ta shafinki. Akwai hanyar da a ke ba ma'aikaci izni da sunansa, a kuma janye ran da aka rabu. Sunan shafi da rajistarsa duka su zama da sunanki, don kada wata rana a riƙe miki ƙofar shagonki.

ABIN DA MALAMIN WAJE BA ZAI KOYA MIKI BA

Gindin wannan ilimi duka shi ne sanin kalmar da mai saye ya ke faɗa, a nan kuwa kin fi malamin Amurka. Shi bai san cewa mutanenmu su kan rubuta ƙunshi ba lanƙwasa, su kan kuma ce lalle, waɗansu su rubuta sunansa na Ingilishi ba. Bai san wani zai rubuta dambu, wani danbu ba. Bai san mai neman kilishi daga Legas da Ingilishi zai tambaya, na Maraɗi ko Damagaram watakila ya haɗa da Faransanci ba. Ke kika san wannan.

Saboda haka ki sami ɗan littafi ki ajiye kusa da wayarki. Duk tambayar da mai saye ya yi, ki rubuta ta yadda ya faɗe ta. Kwana nawa dambun nan ya ke yi bai lalace ba? Nawa ne kai kaya Kaduna? Turaren nan yana kama tufafi? Bayan wata guda za ki ga tambayoyi kaɗan ne su ke ta maimaituwa. Kowace ɗaya ki rubuta mata amsa ta gaskiya a shafinki, da harshen da aka yi ta. Wannan shi ne rabin abin da kwas mai tsada zai sa ki yi. Ki kuma tambayi kowane sabon mai saye inda ya ji labarinki, ki rubuta.

Ki lura da lokaci kuma. Tun da aikin yana ɗaukar watanni, shafin ɗinkin Salla ba cikin azumi a ke rubuta shi ba, tun watanni kafin nan a ke yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

GA 'YAN MAKARANTA

Ku kuma 'yan mata, na san abin da ya fi jan hankalinku shi ne takardar shaida. Takarda tana da kyau, amma ku sani Google ba ya naɗa kowa wakilinsa a wannan fanni. Mai ɗaukar aiki abin da zai tambaya shi ne, me kika taɓa gyarawa? Don haka ki nemi iznin mama ko gwaggo ko inna mai sana'a, ki yi mata rajistar taswira, ki rubuta bayanin kayanta da kyau, ki riƙa lissafin abin da ya sake wata-wata. Wannan lissafi ya fi takarda goma.

Ki dage da karatun Ingilishi, gama da shi a ke yawancin darussan, ki kuma kyautata rubutun Hausarki, gama shafuffukan Hausa masu kyau ba su yi yawa ba, wadda ta iya kuwa tana da fili. Kada ki biya kuɗi ko ki je wurin wani malamin da kika sani a intanet kaɗai ba da sanin iyaye ba. Kada kuma aikin waya ya ci lokacin karatun jarrabawa, kome da lokacinsa.

YADDA ZA KI BI

Ga tsarin da na ke ba ki shawara. Wata na fari, ki karanta ɗan littafin Google da na Moz, ko rabin awa ne a rana bayan kin gama aikin gida, kina kuma cika littafin tambayoyinki. Wata na biyu, ki yi rajistar taswira, ki haɗa shafinki da Search Console, ki gyara shafuffuka biyar waɗanda suka fi kawo miki kuɗi. Wata na uku, ki duba awo, ki rubuta wuraren da kika tsaya kika rasa yadda za ki yi. Waɗannan wurare su ne za ki kai wa malami. In kwas ɗinsa ya amsa su, ya kuma tsallake tambayoyin nan shida, ki biya da zuciya ɗaya, gama malamin ƙwarai ya cancanci ladansa. In kuwa ba ki tsaya ko'ina ba, kuɗin ya koma cikin jari, ki ƙara kaya.

Kuɗin da za ki biya kuma kada ya zama na jarin da ki ke juyawa, ko na bashi. Ki ware shi daga riba kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wadda ta karanta wannan ta karanta wa maƙwabciyarta mai sana'a wadda ba ta sami gani ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.